Digirin bayoteknoloji a kan sikeli: lissafi daga Samaru zuwa Maraɗi

Duk shekara, idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akwai muhawarar da ake maimaitawa a zaurukan Zariya da ƙauyukan kewayenta. Yaro ya nemi likitanci ko harhaɗa magunguna bai samu ba, aka ba shi gurbi a bayoteknoloji. Ko kuwa ya gama digirinsa na farko, ya yi bautar ƙasa, ya zauna shekara biyu ba aiki, yanzu yana so ya koma Samaru ya yi na biyu a wannan fanni. Uban, wanda shi ne zai fitar da buhunan masara ya kai kasuwar Giwa, tambaya ɗaya yake yi: "To, in ka gama, wa zai ɗauke ka?" Yaron yakan ce, "Baba, ai yanzu nan duniya ta dosa." Bai yi ƙarya ba. Sai dai ba abin da aka tambaye shi ke nan ba.

Bayoteknoloji suna ne mai nauyin faɗa, amma ma'anarsa ba ta da wuya: a sa abu mai rai, ko wani ɓangare nasa, ya yi wa ɗan Adam aiki. Mai dafa daddawa da Bafulatanar da ke kwantar da kindirmo sun daɗe suna yin haka ba tare da sun ga ƙwayoyin da ke yi musu aikin ba. Abin da ya canza shi ne, a 1973 wasu masana biyu a Kalifoniya, Stanley Cohen da Herbert Boyer, suka nuna ana iya yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin wata. A 1976 Boyer ya haɗa kai da wani mai jari suka kafa kamfanin Genentech, kuma zuwa 1982 insulin ɗin masu ciwon sukari da ƙwayar bakteriya ta sarrafa ya shiga kasuwa. Daga nan ne sunan fannin ya haɗu da ƙamshin kuɗi. Yaron da ke duba waya a Tudun Wada, albashin Boston da San Faransisko yake gani, garuruwan da kamfanonin wannan sana'a suka yi cincirindo. Uban kuwa Kaduna da Kano yake tunani. Don haka kowa da kasuwar da yake yi wa lissafi.

Zariya ta fi kowane gari a Arewa cancantar a yi wannan lissafi a cikinta, domin a nan ne ilimin ya fito daga littafi ya shiga gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, wadda aka kafa tun 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da waken da ake kira SAMPEA 20-T. Duk manomin wake ya san tsutsar da ke cin fure ta huda kwanso, wadda masana ke kira Maruca. A shekarar da ta yi tsanani tana iya cinye kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona, shi ya sa manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas kafin ya ga wake a buhu. An ɗauko wata ƙwayar gado daga bakteriyar da ke zaune cikin ƙasa, aka sa wa waken, ya zama tsutsar in ta ci sai ta mutu. An fara gwaji a killataccen fili a Samaru a 2009. Hukumar NBMA, mai kula da lafiyar irin waɗannan halittu, ta amince da shi a Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disambar shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a tsakiyar 2021. Feshi ya sauko zuwa sau biyu. Kafin waken an riga an fitar da auduga mai irin wannan kariya a 2018, bayansa kuma masarar TELA ta biyo a Janairun 2024, iri huɗu, daga SAMMAZ 72T zuwa 75T.

Wannan dukiya ce ta gaske. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Manomin da ya rage feshi huɗu a gona ɗaya ya tsira da kuɗin magani, da ladan mai feshi, da lafiyar ƙirjinsa. A tuna kuma tun Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda fiya-fiyar da ake samu a jikinsa, ko da yake wannan matsala ta ajiya ce fiye da ta gona. Idan aka tara ribar rage magani a kan dubban manoma, adadin zai yi girma ƙwarai.

Amma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya dubi abu biyu. Na farko, aljihun wa ribar ta shiga? Ta watsu ne a hannun manoma, da kamfanonin iri da aka ba lasisin sayarwa, da dillalan Dawanau. Masanan da suka shafe shekara goma suna aikin, albashin gwamnati suke karɓa, daidai da takwarorinsu na sauran sassan jami'a. Na biyu, wane ne ya yi wane aiki? Ƙwayar gadon ta kamfanin Monsanto ce, ya bayar ba tare da neman kamasho ba, ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Dasa ta cikin wake, wato ainihin aikin da ake nufi idan an ce bayoteknoloji, a Ostareliya aka yi shi, a cibiyar CSIRO, ƙarƙashin T. J. Higgins. Abin da Samaru ta yi, wanda kuma ba ƙaramin aiki ba ne, shi ne aurar da wannan wake da irin da manomanmu suka sani, da gwada shi damina bayan damina, da auna ɓarnar tsutsa, da cika sharuɗɗan hukuma. Wanda ya jagoranci aikin, Farfesa Mohammad Ishiyaku, masanin kyautata iri ne. Wanda ya jagoranci na masara, Farfesa Rabi'u Adamu, masanin ƙwarin amfanin gona ne. Marigayi Farfesa Andrew Nok, wanda ya assasa cibiyar bincike da horo kan bayoteknoloji a jami'ar, kuma ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009 saboda bincikensa kan ƙwayar cutar sammore, masanin sinadaran jikin halitta ne. Kowannensu yana da tsohuwar sana'a a hannu, bayoteknoloji kayan aiki ne da ya ƙara a kanta. Wannan ne, a ganina, abin da ya fi komai muhimmanci ga mai son sanin darajar takardar.

Bari mu koma kan uwar kuɗi. Mutane kan lissafa kuɗin rajista su tsaya, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a jami'ar gwamnati, duk da ƙarin da jami'o'i da dama suka yi a 2023. Abinci, da ɗakin haya a Samaru ko Hayin Dogo, da kuɗin mota, da kwamfuta, su ne ke cin gida a hankali. Akwai kuma wani kashe kuɗi da ɗalibin tarihi ko lissafi bai san shi ba: aikin bincike na shekarar ƙarshe. Sinadaran da ake ware ƙwayar gado da su, da waɗanda na'urar PCR mai ninka ƙwayar gado ke ci, duk daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Gwajin da ɗalibi zai yi jiya da kuɗin rago ɗaya, yau sai an haɗa uku.

Mafi tsadar duka shi ne lokaci. A takarda digirin shekara huɗu ne, wani wurin biyar. A zahiri yajin aikin ASUU ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, waɗanda suka shiga a 2018 da yawa ba su fita ba sai sun yi shekara shida. A ɗauka yaron bai tafi jami'a ba, ya samu aikin da ke biyan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 da aka tsayar a Yulin 2024. A shekara biyar ya karɓi miliyan 4.2. Na san ba kowa ke samun wannan ba, masu aiki a shaguna da yawa ba su kai rabinsa. To amma yaron shago a Sabon Gari ko Kantin Kwari ba don albashi yake zaune ba, yana jiran ranar da maigida zai yaye shi da jari, kuma kafin nan ya san kasuwa, kasuwa ta san shi. Abokinsa mai digiri zai fito yana ɗan shekara ashirin da biyar da alawus ɗin bautar ƙasa na naira 77,000, na wata goma sha biyu, daga nan sai abin da Allah ya yi.

Akwai sauƙi ɗaya da ya kamata iyaye su fahimta sosai. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, da aka buɗe a Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, kuma babu kuɗin ruwa a kansa. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, bashin da ba ya haihuwa kullum ƙanƙancewa yake. Wanda ya ci miliyan ɗaya, ya samu aikin naira 150,000, zai biya 15,000 a wata, ya gama cikin shekara biyar da rabi da 'yan kai, da nairar da ta fi wadda ya karɓa rauni. Don haka ba bashin ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne kalmar nan "ya samu aikin".

Ƙofar da kowa ke fara ƙwanƙwasawa ita ce ɗakin gwaje-gwajen asibiti, domin ita ce ke kowane gari. Ga mai digirin bayoteknoloji kuwa a kulle take. Dokar 2003 da ta kafa majalisar MLSCN ta keɓe gwajin jini da sauran samfuran marasa lafiya ga waɗanda suka karanci kimiyyar gwajin asibiti, shekara biyar da ta sanin makamar aiki, suka karɓi lasisi. Yaro yana iya fin mai lasisin sanin yadda PCR ke aiki, amma ba zai sa hannu a takardar sakamako ba. Haka kantin magani, sai mai lasisin harhaɗa magunguna. Haka dabbobi, sai likitansu. A ƙasarmu lasisi ne ke tsare wa mutum farashinsa, shi kuwa wannan digiri ba shi da shinge. Duk gurbin da mai shi ya nema, zai tarar da mai digirin ƙananan halittu, da na sinadaran jiki, da na tsirrai, da na dabbobi, suna layi ɗaya da shi, kuma mai ɗaukar aiki ya fi sanin sunayensu.

Sauran ƙofofin ba su da faɗi. Akwai hukumar bunƙasa bayoteknoloji ta ƙasa da aka kafa a 2001, wadda yanzu ake kira NBRDA, akwai NBMA ta 2015, akwai NAFDAC da ɗakin gwajinta na Kaduna, akwai hukumar kula da iri. A Zariya kaɗai ga IAR, ga NAPRI ta dabbobi a Shika, ga NARICT a Basawa, can kuma ga cibiyar Vom mai yin allurar rigakafin dabbobi. Wurare ne masu daraja, amma ba su ɗaukar ma'aikata kowace shekara, in sun ɗauka a mataki na takwas ake fara mai digiri ko me ya karanta, kuma kowa ya san ba takarda kaɗai ke shigar da mutum ba. Kamfanonin iri irin su Premier Seed da Value Seeds da ke Zariya suna ɗaukar matasa, sai dai sun fi buƙatar wanda zai bi manoman da ke noma musu iri gona-gona fiye da mai farar riga. Masana'antun abinci da na abincin kaji suna da gurbin duba ingancin kaya, mutum biyu ko uku a kowace. Saura, kuma su ne mafi yawa a iya abin da nake gani, suna koyar da bayoloji a makarantun kuɗi, ko suna tallan magani asibiti-asibiti, ko sun buɗe POS.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne: masana'antar da ya kamata ta sha waɗannan matasa ba ta nan. Ɗakin yin allurar rigakafi na Yaba da ke Legas, wanda ya yi ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, an rufe shi a 1991 da sunan gyara. Afirka gaba ɗaya kusan kashi ɗaya cikin ɗari take yi na allurar rigakafin da take amfani da ita, Tarayyar Afirka ta ce tana so ya kai kashi 60 nan da 2040. A 2023 kamfanin magunguna na GSK, sannan Sanofi, suka sanar da daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a Najeriya. A wannan shekarar ce kuma 54gene ya durƙushe, kamfanin nazarin ƙwayoyin gado da aka kafa a 2019, wanda ya tara wajen dala miliyan 45 daga masu jari kuma matasan fannin suka ɗora masa buri. Wanda ya ce nan gaba kasuwar za ta buɗe, ina tare da shi. Amma 2040 ba ta biyan haya a 2027.

Akwai kuma wata magana da ba a cika son faɗa ba. Digiri biyu masu suna ɗaya ba lallai darajarsu ta zama ɗaya ba. Wani ɗalibin ya gama bai taɓa riƙe bututun awon ɗigo da hannunsa ba, an zana masa na'ura a allo, ya haddace matakai, ya ci jarrabawa. Wani kuwa ya faɗa hannun malamin da ke da tallafin bincike, ya kwana a ɗakin gwaji, ya ɓata samfuri, aka yi masa faɗa, ya gyara. Na biyun ne kaɗai yake da abin sayarwa. Cibiyar ACENTDFB da ke ABU, wadda Bankin Duniya ya tallafa tun 2014 don nazarin cututtukan da aka yi sakaci da su da kuma binciken laifuka ta hanyar ƙwayar gado, tana cikin wuraren da ake samun irin wannan horo, a matakin digiri na biyu da na uku. A kudu akwai cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi a Ede, wadda ta fara karanta ƙwayar gadon cutar korona a Afirka a Maris ɗin 2020. Daga irin waɗannan wurare ne ake samun tallafin karatu zuwa Jamus ko Ingila ko Amurka, kuma gaskiya ita ce a wannan hanya ce digirin ya fi biyan mai shi. Sai dai hanya ce ta mutum ƙalilan, tana cin ƙarin shekara shida ko bakwai, kuma ribarta sau da yawa tana zuwa ne tare da barin gida. Uban da ya sayar da masara yana iya samun kuɗin aike a waya, ɗan kuwa sai a sallah, in an yi sa'a.

Idan aka bi hanyar Funtuwa da Katsina, aka tsallaka ta Jibiya da Ɗan Isa aka shiga Maraɗi, tambayar uban ba ta canzawa, amma lissafin yana ɗan canza kama. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yarinya ce, a 2010 aka kafa ta tare da ta Tawa da ta Damagaram, aka sa mata sunan wani masanin kimiyya ɗan garin. Tana da tsangayar kimiyya, da ta noma da muhalli, da ta lafiya. Ɗalibin can yana da fifiko ɗaya a kan na Samaru: sefa a ɗaure take da yuro, don haka farashin sinadarai ba ya tsalle dare ɗaya. Amma kasuwar aikinsa ta fi ƙunci. Mafi ƙarancin albashi sefa dubu 42 ne tun farkon 2024, kafin nan dubu 30 ne da 'yan canji. Manyan ɗakunan gwaji, irin su CERMES na cututtukan mutane da LABOCEL na dabbobi, a Yamai suke, cibiyar ICRISAT kuma a Sadore kusa da Yamai. Mai digirin farko ko na biyu, wato lisans ko masta, yakan yi hidimar ƙasa, daga nan ya shiga koyarwa ta kwantaragi, ko ya jira wani shiri na ƙungiyoyin waje ya buɗe.

Duk da haka, a Maraɗi ne na ga misalin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa, kuma ba shi da alaƙa da dasa ƙwayar gado. Gero yana da maƙiyi, tsutsar da ke bin zangarniya tana cinye tsaba, wadda manoman yankin ke kira murzuna. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Tarna, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun daɗe suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. Dabarar ba ta da tsada: ƙaramar jakar algarara, a zuba ɗan gero, a sa tsutsotsin da ƙwaron zai hayayyafa a kansu, a saka matan ƙwaron guda biyu, a rataye a jikin rumbu ko bishiya. Jaka goma sha biyar ta ishi ƙauye. Har an koya wa ƙungiyoyin manoma kiwon ƙwaron don su sayar. Haka buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi a 2007, aka gwada shi sosai a Maraɗi, kamfanin Lela Agro yake yin sa a Kano: yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba ɗigon fiya-fiya. Mai tsattsauran ra'ayi zai ce wannan ba bayoteknoloji ba ne. Ni kuwa na ce shi ne matakin da kasuwarmu take iya biya a yau. Kamfanin Biocon na Indiya, wanda yanzu yake sayar da insulin a duniya, a 1978 Kiran Mazumdar-Shaw ta fara shi a garejin mota tana tatsar sinadari daga gwanda.

Mai son ganin inda abokan ciniki suke, ya je Jiratawa, inda fili mai fiye da hekta 500 yake shan ruwan rijiyoyin burtsatse tun farkon shekarun 1980, ko ya bi gulbi zuwa Tibiri ya ga lambunan zogale da tumatir. Manoman nan kuɗi suke kashewa kowane mako a kan maganin ƙwari, wani ma ba a san asalinsa ba. Suna buƙatar iri mai kyau, da dashe marar cuta, da maganin da ba zai bar guba a ganyen da za a ci gobe ba, da wanda zai duba musu ƙasa da ruwa. A Najeriya an riga an ga irin wannan kaya ya zama haja: Aflasafe, da cibiyar IITA ta Ibadan ta ƙirƙiro don rage gubar fumfuna a masara da gyaɗa, kamfani ne mai zaman kansa yake yin sa yana sayarwa. Ba ina cewa kowane matashi ya buɗe kamfani ba ne, wannan shawara ce mai arha a bakin mai albashi. Ana buƙatar jari, da wuta, da rajistar hukuma, manomi kuma ba ya sakin kuɗi sai ya gani a gonar maƙwabcinsa, wato damina biyu ko uku kana ci daga aljihunka. Ƙwaron da ke kashe murzuna ma yana da tasa matsalar: in ka saya ka rataye, ba ya tsayawa a iyakar gonarka, wanda bai biya ba shi ma ya amfana, shi ya sa sai ƙauye ya haɗa kuɗi. Amma aƙalla a nan akwai mai buƙata da za a iya nunawa da yatsa.

Wani haɗarin da ba ya cikin takardar neman gurbi shi ne siyasa. Burkina Faso ta karɓi audugar Bt, mai irin kariyar waken Samaru, a 2008, ta watsar da ita a 2016 saboda gajartar silinta ta karya mata farashi. A Najeriya ƙungiyoyi irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey suna adawa da irin da aka sauya wa halitta, kuma a 2024, bayan fitowar masarar TELA, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike. Ghana kuwa ta bi sawun Samaru ta fitar da nata waken a 2024. Sannan kuɗin bincike da yawa na baƙi ne. Hukumar USAID tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin waken Samaru da binciken gero da dawa a Nijar, ga shi a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe ta. Matashin da albashinsa yake rataye da irin wannan tallafi, shawarar da aka yanke a Washinton tana iya sallamarsa yana zaune a Tarna.

To me zan ce wa uban da ya zo da tambayarsa? Idan ɗansa yana da zaɓi tsakanin wannan digiri da wanda ke da lasisi, gwajin asibiti ko harhaɗa magunguna ko likitancin dabbobi ko jinya, kuma gidan yana jiran albashinsa don a biya wa ƙannensa makaranta, zan ce ya ɗauki mai lasisin, ya ƙara bayoteknoloji a digiri na biyu in yana so. Idan yaron ɗan gona ne, ya karanci noma ya ƙware a kyautata iri ko kare amfanin gona, hanyar da manyan Samaru da na Tarna suka bi ke nan. Idan kuwa gurbin bayoteknoloji ne kaɗai a hannu, ban ce a ƙi ba. Zan ce a shiga da sanin cewa rabin tafiya ce: ko dai ya fito da sakamako mai ƙarfin da zai kai shi digiri na uku, ko ya haɗa da wata ƙwarewa da ake nema, kamar nazarin bayanan ƙwayar gado da kwamfuta, wanda ba ya cin sinadari sai wuta da intanet, ko duba ingancin abinci, ko kasuwancin iri. Watanni shida na koyon aiki a masana'anta kada ya yi su a ofishin da zai riƙa sa hannu yana komawa gida, ya nemi IAR ko NAPRI ko kamfanin iri, ko da ba za a ba shi ko sisi ba.

Kafin a biya kuɗin rajista kuma, zan so uban ya ɗauki yini ɗaya ya je sashen da kansa, ko ya tura wanda ya yarda da shi. Kada ya tsaya ofishin shugaban sashe. Ya nemi ɗaliban ajin ƙarshe ya tambaye su mutum nawa ne a ajinsu, sau nawa kowannensu ya kunna na'urar PCR da hannunsa, wa ya sayi sinadaran, kuma waɗanda suka fita shekara uku da suka wuce suna ina yanzu. Sannan ya roƙi a buɗe masa ɗakin gwajin, ya tambayi awa nawa ake samun wuta a yini, ya sa hannu cikin firizar da ake ajiye samfura ya ji ko da sanyi.